Hashimu Mai Gas da Farar Roba

Duk wanda ya taɓa sayar da abinci a Shara Mansur, unguwar Hausawa a Makka, ya san Hashimu Mai Gas. Ba shi da shago. Abin da ya mallaka jakar buhu ce, da sifana biyu, da filaya, da guntun tif ɗin mota a naɗe, sai kuma hancinsa. In murhun wata ya fara wasa, ko tukunyar gas ta ƙare kafin lokacinta, shi ake aika wa. Zai zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ja iska sau ɗaya, ya ce, "Kan tukunya ne," ko ya ce, "Tiyo ne, ɓera ya taɓa shi." Da wuya ya kuskure.

Mutumin Ringim ne. Ya zo Makka yana saurayi da niyyar ya sauke farali ya koma, bai koma ba. Wani tsohon Balarabe mai kantin tukwane ya yi masa igama, wato takardar izinin zama, da sunan kantin, ya sake shi ya nemi abincinsa. A haka ya yi aure, a haka ya haifi 'ya ɗaya da yanzu take aure a Kano, a haka ya kai matarsa Shatu makwancinta ya dawo ɗaki shi kaɗai. Lokacin Hajji yakan bar Mansur ya tafi manyan wuraren girki inda ake dafa wa alhazan Mina da Arfa shinkafa, inda murhu ɗaya yake ruri kamar injin jirgi. Shekara da shekaru yana tsugune a gindin irin waɗannan murahu. Can kunnensa ya tafi, na hagu ɗungurungum, na dama saura kaɗan. Bai taɓa faɗa ba, amma kowa ya sani, domin sai an ɗaga murya yake juyowa. Abin bai hana shi aiki ba. Gas ɗin girki yana da wari.

Abu ɗaya ya riƙe a sana'arsa bai taɓa sassautawa ba: roba mai tauri matacciya ce. Duk zoben robar da ya ciro daga kan tukunya sai ya danna masa farce. In ya loma ya dawo, yana da rai. In ya ƙi, zafin Makka ya gama da shi, sai bola. Ba ya kuma sayen na kanti. Da guntun bututun ƙarfe da ya wasa wa baki yake yanka nasa daga tif, baƙi, mai laushi, daidai wurin. Babu murhun da ya gyara da ya taɓa ƙona gida, kuma wannan shi ne iyakar abin da yake da shi na alfahari.

A shekarar dubu biyu da goma sha uku tsohon mai kantin ya rasu. Shekarar ce kuma gwamnati ta ba baƙi wa'adi zuwa ƙarshen watan Zulhajji: kowa ya gyara takardunsa, ya sami kafili na gaskiya, ɗan ƙasar da zai tsaya masa, ko ya fita.

Hajiya Ramlatu mai tuwo ce ta fara tada maganar. Tsararsa ce, kakanninta ta Sudan suka biyo suka zo Makka, kuma murahunta huɗu duk a hannunsa suke. Yana tsugune yana kwance kan tukunya ta tsaya a kansa da muciya.

"Malam Hashimu, wai da gaske 'ya'yan tsohon nan sun rufe kantin?"

"Eh?"

"Na ce sun rufe kantin!"

"Sun rufe. Waya za su koma sayarwa."

"To kai fa?"

"Ni ma sun rufe ni."

"Shi ne ka zauna kana yankan tif? Sai jawazat masu kamen baƙi sun zo sun kwashe ka kai da tif ɗin?"

Hashimu ya riga ya zagaya duk inda ya sani, kowa ya ce masa saurayi yake so. Ringim kuwa babu abin da yake jiransa. Waɗanda ya sani sun mutu, gidan da aka haife shi an raba tun tuni. Shi ba mai yawan magana a kan falalar ƙasa mai tsarki ba ne, ya bar wa malamai wannan. Abin da ya sani shi ne nan ya saba, nan ya san inda rana take faɗuwa, nan kuma yake so a sa shi a rami.

"Akwai Fahad, ɗan ƙanwata," in ji Ramlatu. "Shi ɗan ƙasa ne. Yana da wani fili a bayan gari inda ƙatti masu gemu suke zuwa suna harbin juna da fenti. Ya ce bindigoginsa duk suna yoyon gas. Na ce masa ina da mai gas."

"Bindiga?"

"Ta wasa! Kai dai ka je. Gas ai gas ne."

Filin yana gefen tsohuwar hanyar Jidda, bayan gidaje sun ƙare, a tsakanin baƙaƙen duwatsu. An kewaye shi da raga, an jibge tsofaffin tayoyi da durom-durom da allunan katako, duk sun yi dabbare-dabbare da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Watan Zulƙida ne, ƙasa tana dafa ƙafa ta cikin takalmi. Fahad ya fito daga wani ɗan ɗakin kwano, saurayi mai ƙiba da fara'a, Hausarsa tana ɗingishi, rabinta Larabci.

"Ahlan, Ammi Hashimu. Khala Ramlatu ta ce kai babban mu'allimi ne."

"Ta dai faɗa. Ina kayan?"

Suna jere a kan tebur, fiye da goma. Fahad ya ɗauki ɗaya ya nuna masa. Kowace tana da ƙaramar kwalbar ƙarfe da ake ɗaura mata ta baya, cike da wani gas irin wanda yake cikin abin kashe gobara. In aka ja kunama, bawul ɗin da yake cikin cikinta ya buɗe na ƙiftawar ido, gas ya turo ƙwallon fenti kamar ɗan magarya ya fita. In robar bawul ta gaji, gas ɗin sai ya yi ta zurarewa ta bakin bindigar har kwalba ta ƙare ba a yi harbi ba. Mutumin da yake zuwa daga Jidda yana duba su ya daina zuwa.

Fahad ya murɗa kwalba ya ɗaga bindigar. "Ka ji? Tsss. Ka ji ko?"

Hashimu bai ji komai ba. Ya karɓa, ya kai bakin bindigar hancinsa yadda ya saba, ya ja iska. Babu komai. Ya sake ja. Wani ɗan sanyi kawai ya taɓa masa leɓe. Tunda ya fara aikin nan ba a taɓa yin gas yana fita a gabansa bai sani ba. Amma ya gyaɗa kai, ya ce a kawo masa sabulu da ruwa. Da ya shafa kumfa a bakin, ta kumbura ta fashe. To, ido dai yana nan.

"Ammi, zan faɗa maka gaskiya," in ji Fahad da ƙarfi, don an riga an gaya masa zancen kunnen. "Lasisina yana da gurbin mutum ɗaya. Juma'a ta sama akwai shabab, wasu samari, da suka kama filin gaba ɗaya. In bindigogin nan suka yi aiki, Lahadi mu je ofis in mai da kafalarka wurina, in zama kafilinka. Ittafaƙna? Mun yi da kai?"

"Mun yi."

Har Fahad ya juya zai tafi ya dawo da wata ƙaramar leda. "Waɗannan tare da bindigogin suka zo. Ban san ko suna da amfani ba, ka duba."

Hashimu ya shimfiɗa buhu ya fara da ta farko. Bai yi gaggawa ba. Duk kusar da ya kwance sai ya ajiye ta a inda za ta koma, har bindigar ta rabe biyu kamar an fasa gyaɗa. Ya zaro bawul ɗin, ɗan ƙarfe ne bai kai yatsa ba, da sifirin a ciki. Ga zoben robar nan a wuyansa, fari-fari ya koma ruwan zuma, gefe ɗaya ya ɗan guntule. Ya danna masa farce. Tauri kamar ƙaho.

"Ga ki nan," ya ce. "Kin bushe."

Ya kwance ledar da Fahad ya ba shi, ya zazzage a tafin hannu. Zobba ne sababbi, farare, har haske yana ratsa su. Ya danna ɗaya, ya danna wani. Duk taurinsu ɗaya da wanda ya ciro. Bai yi mamaki ba. Ledar da ta yi shekara a ɗakin kwano a Makka, me za ta zama? Ya tausaya wa yaron da aka sayar wa matattun kaya, ya mayar da su cikin ledar ya jefa a durom ɗin shara. Washegari motar shara ta baladiyya ta kwashe.

Ya warware tif ɗinsa. Sai da ya wasa sabon bututu domin wurin ƙarami ne, ya lalata zobba da yawa kafin ya sami wanda ya zauna daram. Ya haɗa bindigar, ya murɗa kwalba, ya shafa kumfa. Kumfa ta kwanta ba ta motsa ba. Ya nufi wani durom ya ja kunama, fenti ya fashe a jikinsa. Ya sake ja. Ya sake shafa kumfa. Shiru.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kullum da hantsi yana can, yana dawowa bayan la'asar da yatsu baƙi ƙirin. A makon nan har abinci ya ci da kyau.

"Kai, soja ya dawo daga fagen fama," in ji Ramlatu tana zuba masa miyar kuka. "Mutum nawa ka kashe yau?"

"Durom biyu."

"Allah ya ƙara nasara. In an ba ka igamar, ni za ka fara gyara wa murhu kyauta."

"Dama yaushe kika taɓa biya?"

Ranar Juma'a bayan la'asar samarin suka zo a manyan motoci, suna ihu suna zolayar juna. Suka sa riguna masu kauri da hulunan rufe fuska, suka rabu gida biyu. Hashimu ya zauna a inuwar ɗakin kwano, hannu a kan gwiwa. Fahad ya hura usur.

Bai taɓa ganin yadda ake wasan ba sai ranar. Shi sau biyu, sau uku yake harbawa ya tsaya. Waɗannan ba sa ɗaga yatsa. Harbi suke kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ba hutu. Da farko komai lafiya, fenti yana tashi ta ko'ina, Fahad ya waiwayo ya ɗaga masa babban yatsa. Ba a daɗe ba wani dogo ya miƙe daga bayan taya yana girgiza bindigarsa. Wani farin hayaƙi yana fita daga bakinta bai tsaya ba. Kafin a kai gare shi wani ma ya miƙe, sannan wani. Hashimu bai ji ƙarar ba, gani kawai yake yi: farin hayaƙi nan, farin hayaƙi can, samari suna cire huluna suna ɗaga hannu.

Dogon ya zo ya dangwarar da tasa a kan tebur. "Ya hajj, wannan bindiga ce ko shisha?" Sauran suka kwashe da dariya, amma ba duka ba. Wanda ya tara su ya ja Fahad gefe yana nuna shi da yatsa a ƙirji. Suka tuɓe rigunan suka watsar a ƙasa, motoci suka tayar da ƙura.

Hashimu ya taɓa bindigar ya janye hannu. Sanyi ƙarara. Kwalbar ta yi fari fat da ƙanƙara, a cikin wannan rana da take narka kwalta. Ya kwance ta yatsunsa suna ƙagewa. Zobensa baƙi ya kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa, ya fita daga mazauninsa, ya tsage. Ya buɗe ta biyu. Haka. Ta uku bai ma buɗe ba.

Fahad yana can yana waya da mutumin Jidda, yana kai da kawowa. Da ya gama ya zo ya tsaya, fara'ar ta tafi.

"Ammi, ya ce in aka yi ta harbi gas ɗin sanyi yake yi sosai, yana shiga cikin robar taya ya kumbura ta. Ya ce fararen nan musamman aka yi su da tauri saboda haka. Ina ledar da na ba ka?"

"Na zubar."

"Duka?"

"Duka. Na ɗauka sun mutu."

Fahad ya cire hularsa ya share gumi. Daga ƙasar waje ake kawo irin zobban, kuma ana shiga hidimar Hajji. Da zai yi zagi da Hashimu ya fi jin daɗi. Sai ya ce, "Ma'alesh, Ammi. Ƙaddara ce. Ka je gida ka huta."

"Lahadin fa?"

"Insha Allah."

Ranar Lahadi Hashimu ya sa farar rigarsa ta zuwa masallaci, ya ɗauki fasfo da tsohuwar igama, ya zauna a kan bencin Ramlatu tun da safe. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Ramlatu ta kira Fahad, ya ce mota ce ta lalace, gobe. Gobe ya ce ofis ya cika, jibi. Ta zage shi tas a waya, ta tuna masa wanda ya goya shi, ya ce, "Wallahi Khala ina ƙoƙari." Bai taɓa cewa a'a ba. Irin mutanen nan ne da suke ganin in ba su furta abu ba, ba su aikata shi ba.

Hajji ya zo. A karo na farko wuraren girkin ba su ɗauke shi ba, sun ce sai mai takarda a hannu. Ya zauna a ɗaki yana jin garin ya cika ya batse, shi ba abin da yake yi. Abin da yake cin sa a zuciya har ya fi zancen igamar shi ne bindigogin nan da ya bari a kwance a kan tebur. Bai taɓa barin aiki a haka ba.

Da alhazai suka fara watsewa ya ɗauki jakarsa ya koma filin ba tare da an kira shi ba. Ya tarar da Fahad yana wanke huluna.

"Ba ni ɗaya in sake gwadawa."

"Ammi, babu robar."

"Akwai wata da na gani a ƙarƙashin tebur, mai karyayyen gindi. Ban taɓa ta ba."

Fahad ya ɗaga kafaɗa. Hashimu ya jawo karyayyar ya buɗe. Farin zobenta yana nan lafiya, ba guntu ba tsaga. Ya ɓanɓaro shi a hankali da tsinken sakace don kada ƙarfe ya ji masa ciwo. Ya danna masa farce, don hannu ya riga ya saba. Tauri dai kamar ƙaho. Duk jikinsa yana gaya masa wannan matacce ne. Ya sa shi a wuyan bawul ɗin wata lafiyayya, ya haɗa, ya murɗa cikakkiyar kwalba, ya cika ta da fenti.

Ya fita rana ya tsaya gaban allon katako. Wannan karon ya yi yadda ya ga samarin sun yi. Ya ja, ya ja, ya ja, bai ɗaga yatsa ba har gaɓar ta fara ciwo. Allon ya koma shuɗi yana tsiyaya. Kwalba ta yi sanyi, ta yi fari, ta manne masa a hannu. Ya tsaya ya shafa kumfa. Kumfa ta kwanta. Ya ci gaba har kwalbar ta ƙare.

Ya dawo ya ajiye ta a gaban Fahad. "Ta riƙe."

"Na gani, Ammi. Masha Allah."

"In ka kawo fararen, sauran ma aikin kwana biyu ne."

Fahad ya ci gaba da goge hular da ta riga ta bushe. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, Hashimu ya ce bai ji ba, dole ya maimaita da ƙarfi.

"Na ce gurbin na riga na bayar. Mutumin Jidda ya ce zai turo mini ma'aikacinsa da kaya, in na ɗauki kafalarsa. Ba ni da yadda zan yi, filin zai mutu."

"Tun yaushe?"

"Tun Lahadin da muka yi alkawari."

Hashimu ba shi da abin da zai tuhume shi da shi sai abu ɗaya.

"Da ka faɗa mini tun ranar. Da na nemi wani wuri, ko ban samu ba na san na nema."

"Na ji kunya, Ammi."

"Kunyarka ta ci mini wata guda."

Ya tattara sifanunsa ya zuba a jaka. A bakin ƙofa ya juyo ya nuna bindigar da haɓa. "Wannan ka ware ta. In ma'aikacin ya zo kada ya sake buɗe ta, ta gyaru."

Saura kwanaki kaɗan wa'adin ya cika. Wasu sun ce masa ya ɓuya a ɗaki kamar yadda da yawa za su yi, ƙura za ta lafa. Ya ce shi ya tsufa da gudun tsallake katanga, kuma mai gyaran murhu da ba ya fita waje me zai ci? Ya bi layi a rana tare da masu ɗaukar kaya da masu aikin gini, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka buga masa hatimin fita. Ya je Harami ya yi ɗawafin bankwana a cikin ƙurar gine-gine, ana ture shi ta ko'ina, gwiwa tana ciwo.

Safiyar tafiyar Ramlatu ba ta fito ba. Ta aiko masa da dambun nama a leda, ta ce a gaya masa tana da aiki a kan wuta. Motar da za ta kai su filin jirgin Jidda ta cika maƙil, ya sami kujera a tsakiya, wata mata ta ɗora masa ƙunshin barguna a kan cinya har ya rufe masa fuska. Ya so ya ga inda iyakar Harami take in sun zo wucewa, ya roƙi na kusa da taga ya gaya masa. Mutumin ya ce to, sannan ya yi barci. Da Hashimu ya samu ya ture bargunan ya leƙa, sun riga sun yi nisa, babu komai a waje sai yashi da turakun lantarki.